Layin da Na Rubuta a Littafin Sintiri

Da safiyar Talata aka wayi gari babu batiran sola na asibitin unguwarmu. Guda biyu ne, manya, kowanne sai ƙato ya yi nishi kafin ya ɗaga shi. Su ke riƙe da firijin allurar yara da fitilar ɗakin haihuwa. Sista, wadda ke shugabantar asibitin, ita ta fara gani. Ta buɗe firiji ta ji ɗumi, ta leƙa ɗakin ajiya ta tarar da wayoyi suna reto.

Kafin ƙarfe takwas jama'a sun cika harabar asibitin. Kafin ƙarfe tara kowa ya san ɓarawon. Mai faci ne, wanda rumfarsa ke bakin layin bayan asibiti, don ya taɓa yin shekara biyu a gidan yari kafin ya zo unguwar da tsohuwarsa. Sufetonmu ya sa aka ɗauko shi daga gida, matasa kuma suka rushe rumfar, suka watsar da tayoyinsa a kwata.

Ni ne kofur ɗin da ke sintiri a wannan asubar, kuma gara in faɗi nawa tun yanzu.

A farkon shekara hedikwatar shiyya ta kawo sabon tsari. Aka kwashe rabin ’yan sandanmu zuwa babban ofis, aka bar mu mu biyar da mota ɗaya. Aka ba mu jadawalin sintiri, aka ce a manna shi a bangon caji ofis don jama'a su ga ana aiki hankalinsu ya kwanta. Jama'a ba su karanta ba. Ɓarayi ne suka karanta, har da haddacewa. Mutane suka gaji suka daina kawo ƙara, lissafin laifuka ya yi ƙasa a takarda, shiyya ta aiko mana da wasiƙar yabo.

Ranar Litinin sai Sufeto ya yi dabara. Ya bar tsohon jadawali a bango, ya rubuta sabo a ɓoye: mota za ta riƙa bi ta layin bayan asibiti da ƙarfe biyar da rabi, inda ba ta taɓa bi ba. Ban da mu ’yan sanda, bai gaya wa kowa ba sai kwamitin tsaron unguwa, su uku: Ciyaman, da Sista, da sakatarensu, wani mai gyaran wuta da ake kira Injiniya.

Ni kuwa ban bi ta layin ba. Kwana biyu ke nan ban ga katifata ba, an kwana ana ruwa, na faka motar a ƙarƙashin rumfar gidan mai wai in huta minti goma. Hasken rana ne ya tashe ni. Dokar shiyya ta ce kada a rubuta "lafiya lau" kawai a littafin sintiri, sai mutum ya rubuta abin da ya gani da idonsa, don kada a yi ƙarya. Sai na rubuta: "Biyar da rabi, layin bayan asibiti. Lafiya lau. Rumfar mai faci kaɗai ke buɗe." Shekara uku mutumin nan yana riga kowa fitowa saboda direbobin manyan motoci. Ina na san ranar ce kaɗai bai fito ba?

Wannan layin shi ne duk hujjar da ake da ita a kansa. Gobe da safe za a kai shi kotu, kuma mai tsohon laifi idan ya sake shiga, ya daɗe bai fito ba.

Sufeto ya kira ni ofis. "Yau da yamma babban jami'in shiyya zai zo ganawa da jama'a," in ji shi. "Ina son batiran nan a kan tebur kafin ya zauna. Mutumin ya ƙi faɗin inda ya ɓoye su. Je ka ɗauko mana kawunka."

"To, yallaɓai," na ce.

*

Kawu yayan mahaifiyata ne. Shekara talatin ya yi yana bi wa ’yan sanda sawu, har aka ce yanzu zamanin waya ne da kyamara, aka sallame shi da takardar godiya. Na same shi a tsakar gida yana ɗaure ƙafar kujera da waya.

"A'a, hukuma da kanta!" ya ce. "Me na sata?"

Na ba shi labari, ban da nawa. Ya saurara bai ɗago ba.

"Kyamarar taku fa?"

"Ba a kawo ba tukuna, Kawu."

"Ayya. To miƙo min sandata."

*

Da Kawu ya ga harabar asibitin sai ya tsaya ya riƙe haɓa. Ba wurin da ƙafa ba ta taka ba.

"Mutum nawa suka shigo nan?"

"Unguwa duka," in ji Sista. Mace ce mai faɗa, amma ranar muryarta a dashe take. "Baba, allurar yara ɗari biyu ce ta lalace. Jiya-jiya aka kawo ta. Ga mai naƙuda can a ciki, in dare ya yi da tocila za mu karɓi haihuwar."

"Wa ya taɓa wayoyin nan? Na ga an naɗe bakinsu."

"Injiniya ne. Da na kira shi ya zo da gudu ya naɗe, kada wani ya ji rauni."

Kawu ya gyaɗa kai, ya nemi mai gadi. Mai gadin dattijo ne siriri, ya zo yana rantsuwa tun ba a tambaye shi ba. Rabin unguwa na cewa da haɗin bakinsa, kuma takalmin ruwansa duk laka ne har gwiwa. Kawu ya sa shi ya yi tafiya daga ƙofa zuwa famfo ya dawo.

"A ina ka yi barcin?"

"Wallahi ni ban..."

"Malam, ni ma na yi gadi. A ina?"

Mai gadi ya sunkuyar da kai. "A bencin ɗakin jira. Ɗakina yoyo yake."

"Lakar fa?"

"Kwatar gaba na buɗe da safe."

"Je ka abinka," in ji Kawu. Da mutumin ya wuce ya ce da ni, "Wannan ko buhun gawayi ba zai tura ba. Ka ga yadda gwiwarsa ke rawa."

Wani ya zo da labarin an ga baro a yashe bayan filin mai sayen tsofaffin ƙarafa. Muka je. Baron na magina ne da ke ƙara ɗaki a asibitin, kuma lalle da shi aka yi aikin, don ga tabon ruwan batir a cikinsa. Mai ƙarafan ya yi tsalle ya dire, ya ce a kwashe filin duka a duba. Aka duba, ba komai. Kawu ya ce a kan kwalta aka turo baron aka jefar, kwalta kuwa ba ta riƙe sawu. Awa guda muka ɓata a wurin.

*

Kawu ya ce yana son ganin mai faci. A ƙofar caji ofis muka tarar da tsohuwarsa zaune a ƙasa da ƙullin magani a cinya. Tun safe take wurin.

"Ɗan nan," ta ce da ni, "zazzaɓi yake yi. Tun jiya da rana bai tashi ba, ni na yi ta shafa masa ruwa. Na faɗa musu, sun ce uwa ba ta shaida."

"Za a duba, Iya," na ce, na wuce da sauri.

Mai faci na zaune a kan siminti, leɓensa a fashe, jikinsa na ɓari. Kawu ya tsuguna ya kama tafin ƙafarsa ya juya, ya duba kamar mai sayen takalmi, ya ajiye. Bai tambaye shi komai ba. Mai facin ne ya yi tambaya, kuma ni ya tambaya.

"Kofur, an ce kai ka gan ni."

"Haka yake a littafi."

"Na ji. Amma kai, ka gan ni?"

Na ce lokacin ganin mai laifi ya ƙare. Kunya ce ta sa na yi masa tsawa, kuma na san Kawu ya ji.

*

Muka koma asibiti, amma wannan karon Kawu bai shiga ta gaba ba. Ya zagaya ta ƙofar baya inda ’yan kallo ba su damu da zuwa ba, ya bi jikin katanga a hankali, yana nuna min layin tayar baro da bakin sanda. Ruwa ya ɗauke wajen ƙarfe huɗu na asuba, ƙasa ta yi laushi, komai ya fito raɗau. Sawun ya tafi sambal har kusa da layin baya. Saura taku goma a fita layin, sai ya karkata ya shige wani lungu tsakanin katanga da tsohon tankin ruwa.

Kawu ya daɗe a tsugune a wurin.

"Zo ka gani. Nan ya ajiye baron. Ka ga yadda ƙafafun baron suka nutse har ruwa ya taru a ramin? Ba hutun minti biyu ba ne wannan. Nan ya tsaya, nan ya tsuguna, ya miƙe, ya leƙa layi, ya dawo. Ka ƙirga leƙen: ɗaya, biyu, har bakwai. Ya ma yi fitsari a jikin tanki. Mutumin nan ya fi rabin awa a lungun nan da kayan sata a gabansa, gari na ƙara haske. Me yake jira?"

Ya ɗago kai, ya sake tambayata.

"A takardar da kuka manna a bango, mota na bi ta nan?"

"A'a."

"To wanda ya karanta bango ba zai tsaya ba, wucewarsa zai yi. Wannan ya san za ta biyo. Wa ya sani?"

Na gaya masa zancen sabon jadawalin da mutum ukun. Ya miƙe yana dafa sanda, ya fita tsakiyar layin, ya dubi gabas ya dubi yamma. Ga sawun baro ya tsallaka, ga na keke ɗaya, ga na awaki. Ya daɗe yana kallon ƙasa kafin ya yi magana, kuma bai dube ni ba.

"Kofur, motarka tashi take yi?"

Babu sawun tayar mota ko ɗaya a layin.

"Shi ya sa ya daɗe," in ji Kawu. "Yana jira ka wuce, kai kuma kana can kana minshari. Har ya gaji ya yi shahada ya tsallaka."

"Kawu, shekara goma sha ɗaya ina aikin nan. Yarana huɗu."

"Na san su, ai ni na yi musu huɗuba." Ya share bakin sandarsa da ƙafa. "Ni ba zan ce ka yi ƙarya ba. Abin da ƙasa ta nuna zan faɗa. Amma ka sani, a gaban babba, in littafin hukuma ya ce mota ta wuce, tsoho ya ce ba ta wuce ba, littafi za a ɗauka. Sauran ya rage naka."

Ya sa na samo kwali na rufe sawu biyu a lungun, na ɗora dutse.

*

A ajin makarantar firamare aka shirya taron. Tun ƙarfe uku Kawu ya je, ya ari tsintsiya wurin matar mai gadin makaranta, ya share ƙasar bakin ƙofa tas, ya yayyafa ruwa. Masu wucewa suna dariya, wai tsoho ya samu sabon aiki. Ya zauna a benci kamar mai jiran mota. ’Yan kwamiti ne suka fara zuwa don jera kujeru, kowa ya gaishe shi ya shige. Da suka shige ya tashi ya kifa kwanuka uku a ƙasa, ya ce da ni duk wanda ya taɓa su in kama shi.

Babban jami'in shiyya ya iso da ƙarfe huɗu da wani babban allo mai zane. Mutum ne mai fara'a, ya iya magana. Ya nuna layi ja yana gangarowa, ya ce laifuka sun ragu da kashi arba'in a shiyyar, amincewar jama'a kuma ta ƙaru. Wata mata daga baya ta ce, "Yallaɓai, wa aka tambaya?" Aka yi dariya, shi ma ya yi. Ciyaman ya tashi ya yi godiya, ya ce ga misali nan, an yi sata da asuba an kama ɓarawo kafin hantsi. Aka tafa. Mutanen da ko akuyarsu aka sace ba sa zuwa wurinmu, yau sun yarda da littafinmu ɗari bisa ɗari, tunda ya faɗi abin da suke so.

Aka shigo da mai faci da ankwa. Sufeto ya ce Baba mai bin sawu zai faɗi abin da ya gano.

Kawu bai yi doguwar magana ba. Ya faɗi lungun, da ramin ƙafar baro, da leƙe bakwai. Ya ce ɓarawon ya tsaya jiran motar sintiri a layin da mutum uku kaɗai suka san za ta bi, kuma ya daɗe ne don motar ba ta zo ba.

Ajin ya ɗauki hayaniya. Sufeto ya ɗaga littafi sama.

"Baba, da girmanka. Ga shi a rubuce, biyar da rabi mota ta wuce. In ta wuce, zancen jiran rabin awa bai taso ba. Tsufa ne, yallaɓai, a yi masa uzuri."

Babban jami'in ya yi murmushi, ya fara naɗe hannun rigarsa zai koma kan allo. Kawu ya zauna, ya ɗora haɓa a kan sanda. Ko kallona bai yi ba, kuma wallahi da ya kalle ni da ya fi min sauƙi. Mai faci ne ke kallona. Tsohuwarsa na bakin taga ta waje, ta riƙe ƙarfen da hannu biyu.

Na miƙe. Na sara wa babban.

"Yallaɓai, ni na rubuta layin nan. Ban bi ta layin baya ba. Barci na yi a gidan mai. Ban ga rumfar mai faci a buɗe ba, ban ga komai ba."

Abin da aka kira ni da shi a ajin nan ba zai maimaitu ba. Sufeto ya ajiye littafin a hankali kamar mai zafi. Babban jami'in ya daina murmushi, ya ce kowa ya yi shiru, ya juya wurin Kawu.

"Baba, mutum uku ka ce. Wanne?"

"Ni ban san hawa ba, yallaɓai, ban san sauka ba," in ji Ciyaman, ya riga ya jiƙe da gumi. Sista ta ce in an ga dama a je a kwance gidanta. Injiniya ya ce wannan cin mutunci ne ga masu yi wa unguwa hidima kyauta.

"Ku fito waje," in ji Kawu.

Ya ɗaga kwano na farko. "Ciyaman ne. Da dunduniya yake tafiya, irin ta masu tumbi, a gafarce ni." Ya ɗaga na biyu. "Sista. Sauri take ko ba inda za ta." Ya tsaya a kan na uku, ya ɗaga. "Wannan ƙafar damansa ta fi nutsewa, ta hagu tana buɗewa waje, takun hagu kuma gajere ne. Haka mutum ke komawa in ya shekara ashirin yana saɓa tsani a kafaɗar dama. Da asuba takalmin roba ya sa, yanzu na fata ne, amma tafiyar ita ce. Akwai biyu irinta a lungu na rufe da kwali, duk mai so ya je ya gwada."

Kowa ya juya. Injiniya ake kallo.

"Ka sha sauro a bayan tankin nan, ɗana," in ji Kawu, ba da faɗa ba. "Da ka san ba zai zo ba, ai da ka wuce abinka."

Injiniya ya zauna a kan dakalin aji ya rufe fuska da hula. A shagonsa aka samu batiran, cikin wani mataccen firiji, an rufe su da buhu. Kafin magariba an mayar da su asibiti, kuma wani mai gyaran wuta daga wata unguwa aka kira ya haɗa.

Babban jami'in ya tafi da allonsa a naɗe. A hanyar mota na ji yana gaya wa Sufeto a rubuta cewa an warware laifin cikin awa goma sha biyu, da haɗin kan jama'a. Ni kuma aka karɓi hulata da belt, aka ce in jira takarda a gida.

*

Bayan kwana uku na je wurin mai faci. Na same shi a inda rumfarsa take, yana ɗora kaya a kan motar ɗaukar kaya. Tsohuwarsa na zaune a gaba kusa da direba. Babu wanda ya zo taya shi, cikin waɗanda suka rushe rumfar ko waɗanda suka tafa.

"Ina za ka?" na ce. "Ai an wanke ka."

"An wanke ni." Ya jefa wata taya sama. "Sai wata satar."

Na ce na zo ne in ba shi haƙuri. Na fara bayanin kwana biyu ba barci, da ƙarancin ma'aikata, da dokar shiyya. Ya bar ni na gama, yana naɗe tiyon iska a hannu.

"Kofur, tambaya ɗaya. Da kawunka bai gano motarka ba ta bi layin nan ba, za ka faɗa?"

Na so in ce e. Kalmar tana bakina, ba kuma wanda zai iya bin sawunta. Na dubi leɓensa da bai gama warkewa ba.

"A'a," na ce. "Ba na jin zan faɗa."

Ya dube ni, ya gyaɗa kai.

"To, wannan na yarda da shi."

Ya sunkuya ya kama gefe ɗaya na injin ba da iska, ya nuna min ɗaya gefen da haɓa.

"Kama min nan."

Na kama, muka ɗora. Ya hau baya ya zauna a kan tayoyinsa, ya buga jikin motar sau biyu, direba ya ja.